Yadda ake shirya tafiya aikin sa-kai zuwa Sri Lanka, a kuma zaga tsibirin

Sri Lanka tsibiri ne da ke ƙasan Indiya ta kudu, faɗinsa murabba'in kilomita 65,610, mutanensa wajen miliyan 22. Ƙasa ce ƙarama, amma a cikinta akwai bakin teku mai zafi, akwai tsaunukan ganyen shayi masu sanyi, akwai dazuzzukan giwaye. Shi ya sa kamfanonin da ke tallar aikin sa-kai suka yi mata caa, kowa da hotonsa na matashi rungume da yara ko riƙe da ɗan kunkurun teku. Mai son zuwa da zuciya ɗaya yana buƙatar ya san yadda zai tsallake wannan talla ya kai ga aikin da mutanen wurin suka nema da bakinsu. Shirin kuwa ba daga tikitin jirgi yake farawa ba.

Fara da abin da hannunka ya iya

Kafin ka buɗe intanet, zauna ka rubuta abin da ka ƙware a kai, wanda za a iya biyanka a kansa a gida. Koyar da Turanci ko lissafi, aikin jinya, gyaran kwamfuta, haɗa wutar sola, kiwon kifi, lissafin kuɗin ƙungiya, kula da masu buƙata ta musamman. Wannan takarda ita za ta yanke maka inda za ka.

Dalili kuwa shi ne Sri Lanka ba ta rasa masu ilimi ba. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanenta sun iya karatu da rubutu, makarantar gwamnati kyauta ce, asibitin gwamnati ma haka. Wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba ya je ya ce zai gina aji, magini ɗan garin ya rasa aikin sati biyu ke nan, kuma katangar ba za ta miƙe ba. Inda ake da giɓi na gaske wurare ne sanannu. Akwai arewa da gabas, inda yaƙin basasa ya yi kusan shekara 26 kafin ya ƙare a watan Mayun 2009. Akwai gonakin shayi na kan tsauni, inda jikokin Tamil ɗin da Turawan Ingila suka kwaso daga kudancin Indiya suke zaune a dogayen ɗakuna na leburori, kuma har yau suna cikin waɗanda suka fi kowa talauci a ƙasar. A irin waɗannan wuraren malamin Turanci da zai zauna zangon karatu guda cur yana da amfani ƙwarai.

Zaɓen ƙungiya, inda aka fi yin tuntuɓe

Hanyoyin iri biyu ne. Akwai inda ake ɗaukar ka a matsayin ƙwararre, a biya maka jirgi a ba ka kuɗin zama. Shirin masu sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970 kuma hedikwatarsa ke Bonn a Jamus, haka yake aiki: ka yi rajista a shafinsu kyauta, ka nemi gurbin da aka tallata, a tantance ka kamar mai neman aiki. Duk wanda ya ce ka biya shi don ya sama maka wannan gurbi, ɗan damfara ne. Ga ɗan Najeriya da burinsa wani tsibirin ne ko da ba wannan ba, akwai shirin TAC da gwamnati ta kafa a 1987, mai tura malamai da likitoci da injiniyoyi na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik.

Hanya ta biyu ita ce ka ɗauki nauyin kanka ka shiga wata ƙungiya ta cikin ƙasar. Mafi shahara a cikinsu ita ce Sarvodaya, wadda wani malamin makaranta, A. T. Ariyaratne, ya fara a 1958 lokacin da ya kwashi ɗalibansa zuwa wani ƙauyen talakawa su yi aiki tare da mazauna wurin. Tsarinta kamar aikin gayya yake: ƙauye ne ke faɗin abin da yake so, hanya ko rijiya ko makarantar yara, kowa ya fito, baƙo ya shiga sahu. Hedikwatarta na Moratuwa, kudu da Colombo, birni mafi girma a ƙasar.

Kowace ƙungiya ka samu, rubuta mata ka yi tambayoyin nan, kuma ka nemi amsa a rubuce. Tana da rajista da ofishin gwamnati mai kula da ƙungiyoyi masu zaman kansu? Wane ne zai zama shugabanka a wurin aikin, ɗan ƙasar ne? Wa yake yin aikin nan idan babu baƙo? In akwai kuɗin da za ka biya, nawa ne na abinci da masauki, nawa ke shiga aikin, nawa ke tafiya ofishin kamfanin a Turai? Sannan ka ce a haɗa ka da mutum biyu da suka yi aikin suka koma gida. Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Akwai kuma wata alama da ba ta ƙarya: idan za su sa ka cikin yara amma ba su nemi takardar shaidar ɗa'a daga 'yan sanda ba, ba su tambaye ka takardun karatu ba, to ba yaran ne a gabansu ba.

A nan zan tsaya in ja hankali sosai a kan gidajen marayu. Zuciyar Musulmi da ta Kirista duka tana karkata ga maraya, kuma masu talla sun san haka. Amma a ƙasashe da dama an gano cewa yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya sa aka miƙa su, kuma kuɗin baƙi ne ke sa gidajen ƙaruwa. Abin ya kai har Ostareliya ta sanya safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani a 2018. Ko da gidan na gaskiya ne, ka duba halin yaro ɗan shekara huɗu da zai shaƙu da kai, bayan sati uku ka tafi, wata ta zo ta tafi, haka shekara ta ƙare. In kana son taimaka wa marayu, nemi ƙungiyar da ke tallafa wa uwa ko kaka ta riƙe ɗanta a gida.

Dabbobi ma haka. Jinsi biyar cikin bakwai na kunkurun teku da ake da su a duniya suna hawowa gaɓar Sri Lanka su yi ƙwai, kuma a yankin Kosgoda wuraren ƙyanƙyasa sun yi yawa. Wanda ke tsare gurbin ƙwai a cikin yashi ya bar 'ya'yan su gangara teku da dare da zarar sun fito, aikin kirki yake yi. Wanda ke tara su a kwatami kwana da kwanaki don baƙi su ɗauka su yi hoto, raunana su yake yi. Wurin giwaye kuwa, duk inda ake hawa bayansu ko aka ɗaure su da sarƙa don wanka da baƙi, wuce. Wurin renon 'ya'yan giwa na Udawalawe yana mayar da su daji idan sun girma, kuma daga nesa ake kallon su.

Biza

Bizar yawon buɗe ido ta Sri Lanka ba ta halatta aiki ba, na albashi ko na kyauta. Mutane da yawa na shiga da ita su yi aikin sa-kai don wani kamfani ya ce musu ba komai, amma ranar da jami'in shige da fice ya tambaya, kai ne a gabansa ba kamfanin ba. Hanyar da ta dace ita ce ƙungiyar da ta gayyace ka ta nema maka izini daga hukumar shige da fice da ke Battaramulla, ta aiko maka da takardar amincewa kafin ka tashi. Masu fasfon ƙasashe da yawa suna samun izinin shiga ta intanet cikin sauƙi, amma mai fasfon Najeriya ko Kamaru ko Ghana ya ɗauka cewa tasa za ta bi doguwar hanya, da mai tsaya masa a can. Ba wa wannan mataki wata uku, kuma kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin izinin ya fito.

Fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata shida daga ranar da za ka sauka. Ka buga wasiƙar gayyata a takarda, da tikitin dawowa, da adireshin masauki, da lambar wanda zai tarbe ka, da bayanin asusun banki. Kada kuma ka karɓi saƙon kowa ka sa a jakarka, ko da ɗan unguwarku ne. Hukuncin miyagun ƙwayoyi a can mai tsanani ne.

Lafiya

Duk wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara sai ya nuna katin rigakafinta. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Yi allurar da gaske, kada ka sayi kati.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Sri Lanka ta rabu da zazzaɓin cizon sauro a 2016, kuma suna tsaron wannan nasara. Kai da ka fito daga inda cutar take, yi gwaji kafin ka tashi. Idan zazzaɓi ya kama ka a can, faɗa wa likita daga ina ka zo, don ba ita zai fara zato ba.

Abin tsoro a tsibirin shi ne zazzaɓin dengue. Sauron da ke ɗauke da shi da rana yake cizo, musamman da hantsi da yamma, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba, sai da maganin shafawa da riga mai dogon hannu. Alamunsa zazzaɓi mai zafi, ciwo a bayan ido, ciwon gaɓoɓi. In ka ji haka, farasitamol kaɗai za ka sha, ban da asfirin da ibuprofen domin suna iya jawo zubar jini, sannan ka je a gwada jininka. Kare ko biri ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 ka nufi asibiti a ranar, saboda ciwon haukan kare. Mai aiki a fadamar shinkafa ya sa takalmin roba, don akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a cikin ruwa. Lambar motar asibiti 1990 ce, kyauta, ta 'yan sanda kuma 119. Ka yi inshorar lafiya ta tafiya, ka karanta ka ga ko ta haɗa da haɗarin babur.

Lokacin tafiya

Damina biyu ake yi a tsibirin, kowace da ɓangarenta. Daga Mayu zuwa Satumba ruwa na dukan kudu da yamma da tsaunuka. Daga wajen Disamba zuwa Fabrairu kuma ya koma arewa da gabas. Oktoba da Nuwamba ko'ina na iya samun ruwa mai ƙarfi, kuma a ƙarshen Nuwamban 2025 ne guguwar Ditwah ta jawo ambaliya da zaftarewar ƙasa da suka kashe ɗaruruwan mutane. Saboda haka mai aiki a Galle ko Matara da ke kudu ya nufi Disamba zuwa Maris. Mai zuwa Trincomalee ko Batticaloa da ke gabas ya nufi Afrilu zuwa Satumba.

Malami ya tambayi kalandar makaranta tukuna. Shekarar karatu daga Janairu take farawa, zango uku, kuma a tsakiyar Afrilu, ranakun 13 da 14, ana bikin sabuwar shekarar Sinhala da Tamil, manyan ƙabilun ƙasar biyu, gari ya tsaya cak kusan mako guda. Duk ranar da wata ya cika kuma hutu ne, suna kiranta Poya, bankuna da makarantu a rufe, ba a sayar da nama a kasuwa.

Sauka da makon farko

Daga yammacin Afirka sai an sauya jirgi, galibi a Doha ko Dubai ko Istanbul. Filin jirgin Bandaranaike yana Katunayake, kimanin kilomita 30 arewa da Colombo, kuma garin Negombo ya fi kusa in da dare ka sauka. A filin za ka canza kuɗi kaɗan zuwa kuɗin ƙasar, wato rupee, ka sayi layin waya na Dialog ko Mobitel da fasfonka. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa huɗu da rabi. Mota ta hannun hagu take bi, don haka ka sake koyon tsallaka titi. Adaidaita sahu ko'ina akwai, suna ce masa tuk-tuk. A birni yi amfani da manhajar PickMe ko ka hau mai mita, a ƙauye kuma a yi ciniki kafin ka zauna.

Makon farko na kallo ne da sauraro. Ko ka ga ana yin abu ba yadda ka saba ba, riƙe bakinka ka tambayi dalili, matambayi ba ya ɓata. Koyi gaisuwa: ayubowan a Sinhala, vanakkam a Tamil, kuma ka san yaren da garinka ke yi kafin ka buɗe baki, domin yare na cikin abin da aka yi yaƙi a kansa. Maganar yaƙin da ta harin bama-bamai na ranar Ista a 2019 kada ta fito daga bakinka sai in su suka ɗauko ta. Kada ka ɗauki hoton yaro ka sa a Facebook ba da izinin iyayensa ba, kada kuma ka yi alkawarin kuɗi ko na biza ga kowa.

Kusan kashi 70 cikin ɗari na mutanen mabiya addinin Buddha ne, kuma suna ɗaukar alfarmarsa da zafi. In za ka shiga wurin ibadarsu, ana cire takalmi da hula, a rufe kafaɗa da gwiwa. Ba a juya wa mutum-mutumin Buddha baya don ɗaukar hoto. A 2014 an kori wata 'yar Birtaniya daga ƙasar saboda zanen Buddha a hannunta.

Musulmi kuwa sun kai kusan kashi ɗaya cikin goma, yawancinsu Tamil suke ji, kuma mazhabar Shafi'i suke bi, don haka za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya kuma yi ƙunuti a bayyane da asuba. A Colombo akwai jan masallacin Jami Ul-Alfar a kasuwar Pettah, wanda aka gama a 1909. Beruwala da Kattankudy da Akurana garuruwan Musulmi ne. Abincin halal ba ya wuya a birane, inda kuma ka yi shakka, shinkafa da miyar kifi ko ta kayan lambu tana ko'ina. Da hannun dama suke ci. Miyarsu da madarar kwakwa ake yi, yaji kuma ba wasa. Gwada kottu da dare, gurasa ce da ake daddatsawa a kan faranti mai zafi da ƙwai da kayan lambu, ƙarar wuƙaƙen ma za ta kai ka wurin. Ruwan kwakwa mai launin ruwan goro da ake sayarwa a bakin hanya ya fi kowane lemon kwalba a ranar zafi. Ruwan famfo kuwa sai an tafasa.

Yawon

Bar yawon zuwa ƙarshen aiki, ka ware masa kwana goma ko sati biyu. Wanda ke tsere duk ranar Alhamis ya dawo Talata a gajiye, abokan aikinsa sun gane abin da ya kawo shi.

Hanya mai daɗin bi ita ce ka fara da tsakiyar ƙasar. Sigiriya dutse ne da ya miƙe kusan mita 180 sama da daji, wanda sarki Kashyapa ya gina fadarsa a kai a ƙarni na 5. Hau shi da sassafe kafin rana ta yi. Kogunan dutse na Dambulla na kusa, haka dajin Minneriya, inda giwaye ke taruwa a bakin tafki daga wajen Yuli zuwa Oktoba. Daga nan sai Kandy, sannan jirgin ƙasa zuwa Ella, tafiyar awa shida zuwa bakwai cikin gonakin shayi. Kujerun da ake kamawa tun da wuri suna ƙarewa da sauri, kuma guguwar 2025 ta lalata sassan wannan layin dogo, don haka ka tambayi tashar ko jirgin na kaiwa kafin ka tsara kwanakinka. In za ka tsaya a Nuwara Eliya, a tashar Nanu Oya ake sauka, kuma ka tafi da rigar sanyi, garin ya haura mita 1,800 sama da teku.

Akwai dutsen da ni a ganina bai kamata mai karatun tarihi ya wuce shi ba, wato Dutsen Adamu, mai tsayin mita 2,243. A ƙololuwarsa akwai wani sawu a jikin dutse. Mabiya Buddha sun ce na Buddha ne, 'yan Hindu sun ce na Shiva ne, tsofaffin matafiya Musulmi kuma suka danganta shi da Annabi Adamu. Ibn Battuta ya hau shi a 1344, shi ɗin dai da ya zo Takedda a ƙasar Nijar ta yau bayan shekara tara. Lokacin hawa daga Disamba zuwa Mayu ne. Ana tashi wajen ƙarfe biyu na dare daga ƙauyen Dalhousie, a bi dubban matakala don a riski fitowar rana a sama.

Ka ƙare da kudu. Ganuwar Galle Turawan Fotugal ne suka fara ta, 'yan Holan suka ƙwace garin a 1640 suka faɗaɗa ta, kuma a cikinta akwai farin masallacin Meeran yana kallon teku. Wannan gaɓar ce igiyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004 ta daka, ta kashe sama da mutum 30,000 a ƙasar. Teku a nan yana jan mutum ko a ranar da ya yi lumui. Wanda a kogi ko dam ya koyi iyo kada ya shiga sai inda ya ga 'yan gari na shiga, jan tuta kuwa na nufin a fita. In ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye, yi iyo a gicciye, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga jan.

Kafin duk wannan yawo, a makonka na ƙarshe a wurin aiki, rubuta inda ka tsaya: darasin da aka kai, yaran da ke buƙatar ƙarin kulawa, lambobin sirrin kwamfuta, kayan da suka rage da inda suke. Zauna da ɗan ƙasar da zai ci gaba ku bi takardar layi-layi, ka bar masa kwafi, ka aika wa ofishin ƙungiyar ɗaya. Sannan ka duba ranar da bizarka za ta ƙare, in kwanakin yawon za su wuce ta, ka je Battaramulla a sabunta maka tun da sauran mako biyu.